Farar Wagon Ta Zuwa Yauri

Ranar da Habsatou ta fara ganin Abdulhakeem, a kwance ta same shi sambal a bayan wata farar mota, hannuwansa a gefe, idanunsa a rufe. Jakarta ta suɓuce daga kafaɗarta, kuma da ba ta dafa ƙarfen rumfa ba da ta kai ƙasa.

Kasuwar tsofaffin motoci ce a bayan garin Guangzhou. Habsatou ɗaliba ce a wata jami'a da ke Tianhe, ranar Asabar kuma takan yi wa 'yan Afirka tafinta idan sun zo sayen motar da za su tura gida. Ta waya aka haɗa su. An ce mata ɗan Yauri ne, yana neman doguwar mota mai faɗin baya, irin wadda ake kira wagon, mai shan dizal. Ba wanda ya gaya mata cewa bawan Allahn nan da jikinsa yake awo.

Ya buɗe ido, ya tashi zaune yana murmushi.

"Ke ce Malama Habsatou? Yi haƙuri. Filafilin da nake tuƙa kwalekwale da shi kusan tsawona ne. In na miƙe na ga saura, na san zai shiga."

"Sauko," ta ce. "Don Allah sauko daga ciki."

Ya sauko, murmushin ya ɓace. Bai tambaye ta komai ba, sai ya je ya sayo mata ruwa. Wannan rashin tambayar ne ya fara shiga ranta.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Habsatou a Yamai ta tashi, garin da kogin Kwara ya ratsa. Mahaifinta, Alhaji Maidaji, mutumin Maraɗi ne, bai yarda da ruwa ba, don haka ya hana 'ya'yansa ko wanke ƙafa a bakin kogi. Yayanta Ma'azu ya girma har ya fara gemu bai iya iyo ba. Ranar da kwalekwalen da ya shiga ya kife, ga gaɓa nan ana hango ta, wasu suka fita, shi bai fita ba. A bayan farar wagon aka kawo shi gida, an kwantar da kujerun baya. Tun daga lokacin Alhaji ya tattaro harkarsa ya dawo Guangzhou, ya buɗe ofishin tura kaya kusa da kasuwar Canaan.

"Wannan motar dai ta yi," in ji Abdulhakeem a hankali. "Injinta lafiya, ga ƙarfen ɗaura kaya a sama."

"Ba ta yi ba."

"Me ya same ta?"

"Ba ta yi ba kawai. Mu duba wata."

Ya dube ta, ya dubi motar, ya ce, "To, mu duba wata."

Suna zagayawa ya ba ta labarinsa. Karatun wasannin motsa jiki ya kawo shi, ya shiga ƙungiyar masu tseren kwalekwale, yanzu ya gama zai koma. Ya sayi ƙananan kwalekwale biyu na roba, da filafilai, da tulin rigunan kariya daga nutsewa da ya saro a unguwar Liwan. Niyyarsa ya riƙa bin garuruwan bakin kogi yana koya wa mutane iyo da tuƙi, yana raba rigunan. Shi ya sa yake son mai dizal: tana jan nauyi, tanki ɗaya ya kai ka nesa, kuma duk makanikin da ke gyara manyan motoci a Yauri zai iya buɗe ta. Kayan kuma a cikin motar zai loda su, kwantena ɗaya ta kwashe duka.

Sai dai neman wagon mai dizal a Guangzhou aiki ne, gari ya koma motocin lantarki. Duk dilan da suka tsaya wurinsa sai ya kaɗa hannu ya ce "meiyou", wato babu. Wani laoban, mai gidan wajen, har dariya ya yi, ya ce wa zai bar mota mai shiru ya sayi mai tari.

Asabar ta bi Asabar. Suka sami wata baƙa, Abdulhakeem ya ce ta yi ƙasa da yawa, ramukan hanyar Kontagora za su cinye ta. Suka sami wata shuɗiya, ya ce bayanta gajere ne, alhali ko awon bai yi ba. Habsatou ba yarinya ba ce, ta gane mutumin nan ba mota yake nema ba yanzu. Ta gane, amma ba ta fasa zuwa ba, don ita ma in Juma'a ta yi har guga take yi wa gyalenta.

Wata Asabar da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Tafintata, yau ma ba mu sami mota ba, kuma ban taɓa jin daɗin asara irin ta yau ba. Ina tsoron ranar da za mu samu."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta:

"Sarkin Ruwa, kai da ba ka tsoron kogi, mota ce za ta ba ka tsoro? In da magana a bakinka, ofishin Baba ba ya da nisa."

Ya je kuwa, shi da wani dattijo ɗan Kabi da ya tsaya masa a matsayin uba. Alhaji Maidaji ya karɓe su da mutunci, ya ba su shayi, ya saurara har ƙarshe. Habsatou na ɗaya ɗakin tana jin komai.

"Yaro, an yi mini shaidarka, ba ni da abin cewa kan halinka," in ji Alhaji. "Amma ni na ba ruwa ɗa guda, ba ni ba shi na biyu. Ka bar sana'ar ga, ka zo in sa ka cikin harkar kaya, in ba ka ɗiyata gobe. In ko ruwa za ka koma, ka tahi kai kaɗai."

"Baba, mutanenmu kullum a kan ruwan nan suke, ko na je ko ban je ba."

"To ka zaɓa."

Abdulhakeem ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai iya bari ba. Habsatou ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta so shi, ta kuma tsane shi a wannan lokacin, don a ranta ta ɗauka zai ce ya bari. Ita ma abin da take so ke nan, kunya ce ta hana ta faɗa.

Ya kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba. Saƙo ɗaya ta tura masa:

"Ka zaɓi kogi. Allah ya ba da sa'a. Ka nemi wata tafintar."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabiru, wani ɗan kasuwar tufafi a Canaan wanda Alhaji ke tura wa kaya, ya fara zarya ofis da turare da doguwar gaisuwa. Ba shi da aibu, in ban da son nuna mukullin motarsa. Ya ce wa Habsatou shi ko gada zai hau sai ya rufe gilashi, kuma matarsa ba za ta taɓa kwana da fargaba ba. Ta saurare shi, ta ga gaskiya ya faɗa, amma zuciyarta ko motsi ba ta yi ba. Alhaji dai ya fara maganar sa rana.

Ana cikin haka damina ta kankama a gida, kogi ya cika. Wata Laraba da hantsi labari ya bazu a wayoyin Hausawan Guangzhou: jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa a ƙasar Yauri. Kafin azahar aka ce a cikin waɗanda ba a samu da rai ba akwai yayar Abdulhakeem da 'ya'yanta biyu.

A wani gidan abinci na Musulmi aka yi zaman makoki. Alhaji ya je don zumunci, Habsatou ta bi shi. Da maza suka tashi salla ta tarar da Abdulhakeem a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa jajur.

"Allah ya jiƙan su, ya ba ka haƙuri," ta ce.

"Amin." Sannan ya ce, "Ita ta goya ni, Habsatou. Na yi mata alkawarin riga uku, tata da na yaran. Suna nan a sito a Liwan, ko ledarsu ba a cire ba. Da tun watan da na zo kasuwa na tura, da sun isa kafin ruwa ya cika."

"Kwanansu ne ya ƙare."

"Na sani. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na san dalilin da ya sa na riƙa ƙin motoci."

Ita ma ta san wadda ta ce motar farko ba ta yi ba. Ta koma ɗakinta ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar Ma'azu. Tsoronta na nan daram, bai ragu ba, sai dai ta ga bai tsare kowa daga komai ba.

Washegari ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa kasuwar motocin. Farar wagon na nan inda suka bar ta, ƙura ta lulluɓe ta, don ba mai son ta. Ta sa aka tayar da injin, ta tsaya tana kallon hayaƙin kamar yadda Abdulhakeem ya koya mata. Ta buɗe bayan da hannunta, ta tsaya ta duba ciki. Sannan ta ɗauki hoto ta tura masa:

"Sarkin Ruwa, wannan ce motarka tun farko, ni na hana ka. Zo ka ɗauka. Ba zan iya yi maka alkawarin daina tsoro ba. Amma gara in ji tsoro a gidanka da in zauna lafiya a gidan wani."

Amsarsa ta zo nan take:

"Ki tsaya nan, rabin raina. Ga ni nan zuwa."

A ranar ta sami mahaifinta ta durƙusa, ta ce ba za ta auri Sabiru ba, kuma tana roƙon a tura motar Abdulhakeem ta ofishinsu. Alhaji ya ce kasuwa kasuwa ce, zai tura mota, amma maganar aure ta mutu. Ya daina yi mata magana in ban da amsa gaisuwa. Gidan ya yi mata ƙunci, ta rame har ƙawayenta suka fara tambaya.

Al'adar Alhaji ce ba a rufe kwantena sai ya duba da idonsa. Ranar lodi ya iso sito, ya tarar da motar a tsaye, kwalekwale biyu a ɗaure a sama. Habsatou ta ga ya ja burki a tafiyarsa, ta san abin da ya gani. Ya ƙarasa a hankali ya leƙa bayan. An kwantar da kujeru, an cika wurin maƙil da riguna masu ruwan lemo. Ya zaro wata 'yar ƙarama, ta yaron da bai wuce shekara huɗu ba, ya riƙa jujjuya ta a hannunsa.

"Wagga tana hana mutum nutsewa?"

"Da yardar Allah tana riƙe shi a sama har a zo, Baba," in ji Abdulhakeem.

"In babu riga fa? Wanda bai taɓa shiga ruwa ba, babba, yana iya koyo?"

"Yana iyawa. Na koya wa masu furfura."

Ma'aikatan sito na jira, direban babbar mota na danna hon. Alhaji ya mayar da rigar inda ya ɗauko ta, ya gyara mata zama, ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Ke kin ƙudurta sai shi?"

"Sai in ka hana, Baba."

"Na yi hani da yawa a rayuwata," ya ce. Ya juya ga Abdulhakeem. "Zan ba ka ita, ba don raina ya so ba. Sharaɗina ɗaya ne. Ba za ta bar garin ga ba, ba za ta taka ƙasar Yauri ba, sai ta iya iyo. Kai za ka koya mata bayan an ɗaura, ka nemi wurin da babu idon maza. In ta yi kuka kada ka saurara mata. In ta ce ta gaji kada ka ji tausayinta. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Habsatou ta rufe fuska da gyale. Ba ta taɓa jin tausayin mahaifinta kamar ranar ba.

Bayan an yi sadakar arba'in ta mamatan, aka ɗaura auren Abdulhakeem da Habsatou bayan sallar Juma'a. Ba a yi kiɗa ba saboda makoki. Dabino da alewa aka raba, 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka ci shinkafa a gidan abincin nan da aka yi zaman ta'aziyya. Har Sabiru ya zo, ya yi musu addu'a, ya tafi da wuri.

Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta. Bai ɓoye hawayensa ba.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri da mijinki, ki koyi abin da zai koya miki da kyau. In Allah ya ba ku 'ya'ya, kada ku hana su kogi. Ku kai su da kanku tun suna ƙanana."

"To, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu, ya tsare ku a ruwa. Allah ya sa ku za ku binne ni."

Duk ɗakin aka amsa da amin, Habsatou kuwa sai kuka.