Na'urar da Kyari Ya Kawo

Ranar da Kyari ya kawo na'urar haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, gidan Alhaji Adam a unguwar Birni, 'yarsa Kellu ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi akwatin ƙarfen da ya rungumo, ta dube shi.

"Wannan ce za ta riƙa haifa wa Baba kuɗi?"

"In sha Allahu," ya ce, idanunsa a kanta, ba a kan kayan ba.

Kyari dillali ne kawai. Wani Mai Nasara mai butik, wato shago, kusa da kasuwar Dole ke ba shi na'urorin yana kai wa mutane: a haɗa da kuran, wato wutar lantarki, a zauna ana kallon riba tana hawa a salula. Shi ma ya sayi tasa, don ya yarda da abin har zuciyarsa.

Daga zuwa duba na'ura, zance ya ƙullu tsakaninsa da Kellu. Alhaji na ganinsu yana murmushi, har ya sa gonarsa ta Gaffati a kasuwa don ya ƙaro wasu na'urorin.

Wata Laraba saƙon Kellu ya shigo:

"Nawa, tun safe babu kuran a unguwarmu, na'urar a mace take. Amma ribar Baba sai hawa take a salula. Gabana faɗuwa yake."

Kyari ya kwance tasa ya leƙa ciki. Fanka, 'yan fitilu, da guntun bulo. Shi ke nan.

Ya tafi butik a guje. Mai Nasara ko gezau bai yi ba.

"Ko ta gaske ce, da zafin Damagaram da tsadar kuran, me za ta bar maka? Yi shiru Alhaji ya sayar da gonar nan gobe, ni zan yi maka auren Kellu."

Kyari ya wuce Birni, ya durƙusa a zaure, ya ajiye bulon gaban Alhaji.

"Baba, kada ka sayar. Abin da na kawo maka ƙarya ne."

Alhaji ya miƙe, idanunsa jawur. "Fita! In na sake ganinka kusa da 'yata, sai na ɗaure ka."

Kafin la'asar Mai Nasara ya ɓace, waɗanda aka cuta suka kai Kyari wurin jandarma. Mamman, ɗan ƙanin Alhaji da ya daɗe yana son Kellu, ya fara zarya a gidan.

Kellu ta daina cin abinci. Da ta kasa daurewa, ta sami mahaifinta.

"Baba, da ya yi shiru, da yanzu ba ka da gona, shi kuma yana angonci. Ya san zai rasa ni, ya faɗa."

Alhaji ya ɗauki hularsa ya fita.

Shi ya tsaya wa Kyari aka sake shi. A bakin ƙofar jandarma ya ce, "Na'ura na yi asararta. Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, Kyari ya ɗaga mayafinta a hankali.

"Kelluna, ba ni da komai yanzu."

"Kana da ni," ta ce, hawaye da dariya a haɗe.

A tsakar gida tsofaffi na ta addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka.