Mutum Goman da Mukhtar Ya Ɗauke

"Ki saurara da kyau, Fa'iza. Muryar wa ta wagga?"

Malam Makau ya ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsa da 'yarsa, ya danna. Murya ta fito a sanyaye, har da 'yar dariya a ƙarshenta.

"Fa'izata, turo min sunayen mutanen Gummi da lambobinsu. Ranar kasuwa mutum goma za mu ɗauke in sha Allahu. Kada ki bari kowa shi sani sai mun ƙare..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna Asabe, mahaifiyar Fa'iza, ta dafe ƙirji.

Ko daga barci aka tashi Fa'iza ta san wannan muryar. Ta Mukhtar ce, malamin firamare na Tungar Kaiwa can gaba da Zugu, wanda saura sati biyar a ɗaura musu aure.

"Baba, wallahi wasa na! Wasan waya na!"

"Wasa?" Ya dube ta da jajayen idanu. "Shekaranjiya ranar kasuwa anka tare motar Gummi anka ɗauke mutane. Kahin nan saurayinki yac ce za shi ɗauke goma, ke kuma ke ta mai tura sunaye. Shi na wasan?"

"Baba, ka bari in yi maka bayani..."

"Na aika a maida masu kayansu. Ba ni ba infoma ɗiyata!"

Ya miƙe ya fice, ya bar ta durƙushe, kalmar tana yi mata amo a kunne.

Infoma.

A Anka ka zagi mutum ta uwa ta uba, gobe ku gaisa a masallaci. Amma in ka kira shi mai kai wa 'yan bindiga labari, ka gama da shi.

Abin haushin kuma, gaskiya Fa'iza ta faɗa. Wasa ne da ake yi a intanet, wata ƙasa ce ta ƙarya mai majalisarta da zaɓenta da jam'iyyunta. 'Yan Kano na da tasu jam'iyyar, 'yan Kaduna ma haka. Mukhtar ya ga babu ta mutanensa, sai ya kafa Jam'iyyar Gulbin Ka, ta 'yan Anka da Bukkuyum da Gummi. A can suke yin dokar gyaran hanya da ta buɗe makarantu, su yi musu har wuya ya yi zafi, su jefa ƙuri'a. Mutum ya ga abin sai ya yi dariya, amma yaran da suka tashi suna jin ƙarar bindiga sun samu wurin da maganarsu take da nauyi, ko da na ƙarya ne.

A nan ta haɗu da shi, ranar da ta kayar masa da ƙuduri a gaban kowa.

"Wagga mai bakin wace ta?" ya rubuto mata.

"Wadda za ta karɓe kujerarka, Shugaba."

"Ki bar min kujerar, ki karɓi mai ita."

Wata huɗu bayan nan ya hau babur ya zo Anka da farar shaddarsa da ta sha jar ƙasa a hanya. Malam Makau ya yi jinkiri, ya ce ƙauyen ba lafiya, ba ya son kai 'yarsa inda ake kwana da takalmi a ƙafa. Da ƙyar ya amince, bayan Mukhtar ya yi alkawarin kama ɗaki a Bukkuyum.

Sai masu wasan suka kawo sabuwar doka: duk jam'iyyar da ba ta kai mutum ɗari ba kafin zaɓe, a rushe ta. Su sittin da ɗaya ne. Mukhtar ya ɗora wa Fa'iza aikin jawo sababbi, ita kuwa ta ɗauki abin da zafi. Gidan biki, gidan suna, layin cajin waya, babu inda ba ta tare mutum ba. Ta koya wa mai kitsonta jefa ƙuri'a ana tsaka da yi mata shuku. Hanya mafi sauri kuwa ita ce zawarcin 'yan wata jam'iyya, kuma in an yi nasarar janyo mutum, a bakin 'yan wasan sai a ce an ɗauke shi.

"Yau mun ɗauke uku!"

Haka suke faɗa suna shewa, babu wanda ya taɓa tsayawa ya ji yadda kalmar za ta sauka a kunnen wanda ba ya ciki.

Garin neman cika ɗari ne ta jawo Namadi, ɗan kawunta, wanda ya nemi aurenta sau biyu tana cewa a'a.

"Uwar jam'iyya, ba kowa a ka jawowa ba," Mukhtar ya ce mata.

"Haba masoyina, kai muke ƙirgawa, ba hali ba."

Ta ma sa shi a cikin ƙaramin gurup ɗin masu neman mutane, inda Mukhtar ya tura wancan saƙon. Da hannunta ta buɗe masa ƙofa, wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai.

Ta rarumi wayarta ta kira Mukhtar.

A kashe.

Ta sake, ta sake, har sau tara. Sai ta kira Bello, abokinsa mai shagon caji a Bukkuyum.

"Fa'iza..." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Saƙon ya zagaye ko'ina. Yau da sahe 'yan sa-kai sunka zo makaranta sunka tahi da shi, gaban ɗalibai."

"Ba ku hwaɗa masu wasa na ba?"

"Wa za shi hwaɗi? Duk wanda yab buɗe baki cewa za a yi tare suke. Rabin gurup sun hita, wasu har goge wasan sunka yi."

Ta sauke wayar, ta zauna jikin bango.

Da la'asar Namadi ya shigo gaida Inna, sumui-sumui kamar na Allah. Ta tare shi a zaure.

"Kai kat tura."

"Baba kaɗai nit tura ma, da gurup ɗin dangi," ya ce yana kallon ƙasa. "Auren kawai nike son a hwasa. Ban san za shi kai can ba, wallahi..."

"Ka san mi kalmar ka nuhi cikin wasa, Namadi. Kai ma ka sha hwaɗinta!"

Ya sulale ya fice. Ita ma ba ta da lokacinsa.

Dabara ɗaya ce ta zo mata. Tunda an ce Mukhtar ya ɗauke mutum goma, to mutum goman su fito a gan su da ido. Sunayensu na hannunta, ai ita ta tura. Ta zauna bakin rijiya ta fara kira ɗaya bayan ɗaya, irin kiran da ta saba, sai dai wannan karon ba da dariya ba.

Na farko ya kashe wayar tun kafin ta ƙarasa.

Na biyu ya ce mahaifinsa ya rantse zai tsine masa.

Na uku ya yi kuka, ya ce ta yafe masa.

Sai ta kira Hamsatu, mai sayar da turare a kasuwar Gummi, wadda ita ce ta tara musu mutanen a ranar.

"Hamsatu, ba ƙuri'a nike roƙo ba yau. Ransa nike roƙo..."

"Daina kuka, ƙawata. Baban naki na kusa? Ba shi waya."

Fa'iza ta iske mahaifinta yana alwala, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya so ya ƙi, Inna Asabe ta ce, "Malam, don Allah."

"Baba, ina wuni? Sunana Hamsatu. Ni ta ta hwarko cikin goman da Malam Mukhtar yaɗ ɗauke. Ga ni tsakar gidanmu ina tankaɗe, ka ji ƙarar rariya? Daga wata jam'iyyar wasa yam maido mu tashi jam'iyyar, shi ke nan ɗaukar."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Fa'iza ta buɗe wasan ta nuna masa sunayen goman, da ranar da kowa ya shigo. Malam Makau ya daɗe yana kallo, ruwan butar na tsiyaya a ƙasa bai sani ba.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Ni ma na tura ma mutum biyu."

Ya ɗago. "Gobe da sahe tare za mu tahi."

Har magariba Fa'iza na kira, Hamsatu na bi gida-gida a Gummi. Abin da ta koya wajen jawo mutane shi ta yi amfani da shi: ta san wanda ake bi ta wajen yayarsa, ta san wanda sai an ce masa wane ma ya yarda. Muryarta ta dishe, amma ba ta ajiye wayar ba.

Washegari da hantsi suka sauka a tashar Bukkuyum. Tana tsammanin mutum biyar ko shida.

Ta tarar da cincirindo a gindin dalbejiya.

Bakwai daga cikin goman sun zo, ga Bello da wasu da yawa da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Wani dogo mai walda ya ce shi ne Ministan Ruwa a wasan. Wani mai kabu-kabu ya ce shi ne Kakakin Majalisa, kuma shi da abokansa za su kai kowa. Fa'iza ta yi dariya hawaye na zuba, karo na farko tun jiya ta ji zuciyarta ta ɗan sauka.

"Za su sake shi, ko Baba?"

"In sha Allahu, ɗiyata."

Babura suka ɗauki hanyar Tungar Kaiwa cikin gonakin dawa da aka bari babu girbi. Duk tsawon tafiyar tana shirya abin da za ta ce masa. Za ta ce ya yi gaskiya a kan Namadi. Za ta ce ya yafe mata.

Tun daga bakin gari ta ji shirun ya yi yawa.

Mai gari na zaune a ƙofar gidansa da dattawa. Malam Makau ya yi sallama, Hamsatu ta matso, bakwai ɗin suka jeru kowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Aka kunna saƙon, aka nuna wasan. Mai gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Kun makara, bayin Allah," ya ce. "'Yan sa-kai sun tambaye shi inda mutanen suke, yana ta ce masu suna cikin waya. Sunka ɗauka raini na... Da asuba anka kawo shi gida."

Fa'iza ba ta yi ihu ba.

Ta dubi bakin mai garin kawai, tana jira ya gyara maganar.

Bai gyara ba.

Hamsatu ce ta riƙe ta har gidan su Mukhtar. Babu kowa a ƙofar, babu tabarmar zaman makoki, babu ko mace ɗaya mai kawo ruwa. A tsakar gida wata tsohuwa na zaune ita kaɗai a bakin ɗaki, Inna Habsu, mahaifiyarsa.

"Ke ta Fa'iza?"

"Ni ta, Inna..."

"Matso." Ta kama fuskarta da hannu biyu. "Ke kin san shi inda ni ban san shi ba. Hwaɗa min tsakaninki da Allah. Ɗana infoma na?"

"A'a, Inna! Wallahi a'a! Ni nij jawo mai..."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta faɗa jikin tsohuwar tana kiran sunansa, tana cewa saura sati biyar, saura sati biyar, kamar akwai wanda zai ji ya tausaya ya dawo mata da shi.

"Tun sahe shina kwance ciki," in ji Inna Habsu. "Ƙanena yai mai wanka shi kaɗai. Kowa na tsoron a gan shi wurin sallar infoma. Wa za shi ɗaukar min shi?"

Malam Makau na tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Ya share fuskarsa da hannun riga.

"Ni nik kira shi da sunan ga jiya," ya ce. "Ni za ni kama makarar hwarko."

Ya juya waje ya ɗaga murya.

"Ku yi alwala!"

Mai walda ya kama gefe guda, mai kabu-kabu ya kama ɗayan, Bello na kuka kamar ƙaramin yaro. Suka fito da shi fili. Liman ya leƙo, ya ga baƙi sun ja sahu, ya koma ya ɗauko rawaninsa. Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa, mutanen gari na fitowa ɗaya-ɗaya, kowa kansa a ƙasa.

Fa'iza da Inna Habsu suka tsaya a bayan zana, suna leƙe ta inda karan ya ɓalle. Aka yi kabbara huɗu. Aka ɗaga shi sama, kafaɗu na karɓa daga kafaɗu, har suka sha kwanar masallaci.

Tsohuwar ta damƙe hannunta.

"Ɗiyata, waɗanga baƙin duk su wane na?"

"Mutanensa na, Inna."

Inna Habsu ta daɗe tana kallon hanyar da babu kowa a kanta yanzu.

"Kullum ina yi mai hwaɗa shina zaune shi kaɗai da waya," ta ce. "Ashe ɗana na da mutane..."