Hanyar da Ba a Nunawa da Yatsa

La'asar ta yi sakaliya kafin Taufiƙ ya tayar da babur ɗinsa daga unguwarsu ta Ladjifarani ya kama kwaltar Djougou. Da safe ya kamata ya tashi. Tun da hantsi kawunsa Baƙo ya kira shi ya ce jikin Hadjo ya tsananta, kuma sunansa take ta kira. Hadjo kakarsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. An ɗauke ta daga gidansu na Djougou an kai ta wani ƙauyen gona inda autarta take aure, wurin da Taufiƙ bai taɓa takawa ba.

Abin da ya riƙe shi har yamma kuwa, ko faɗinsa da kunya. Wasan kwamfuta ne, irin wanda mutum yake zama jarumi mai takobi yana yawo a ƙasar dodanni, mutanen ƙauyuka suna aikensa. A da akwai wata kibiya mai ruwan zinariya a saman allo tana nuna masa inda zai nufa, shi dai nasa bi. Sai abokinsa Iliassou, mai gyaran waya a kasuwar Arzèkè, ya yi masa gori, ya ce ai wannan ba wasa yake ba, akuya ce ake ja da igiya. Taufiƙ ya yi zuciya ya kashe kibiyar, ya rantse ba zai sake kunna ta ba sai ya ga ƙarshen wasan.

Tun daga ranar ya shiga uku. Wata tsohuwa a cikin wasan ta aike shi neman wata rijiya, ta yi masa kwatance da baki. Ya bi, bai samu ba. Ya koma wurinta, ta maimaita masa maganar nan dai, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ya sake bi, ya sake ɓata. Ya zagi tsohuwar, ya zagi Iliassou, ya kusa kwaɗa na'urar da bango. Kwatancen dai ya zauna masa a ka daram, amma rijiya ko alamarta.

Yana cikin wannan takaicin Baƙo ya kira. Ya maƙale wayar da kafaɗa, hannuwansa na kan wasa.

"Kawu, ka aiko min da position a waya kawai, taswira ta kai ni."

"Position ɗin me? Buɗe kunnenka ka ji. Kafin ka shiga Djougou..."

Baƙo ya yi ta bayani dalla-dalla. Taufiƙ ya tsinci gonar kashu, ya tsinci injin niƙa, sauran duk suka bi iska.

"D'accord, Kawu, na gane. Ga ni nan zuwa."

Bai gane komai ba. Ya ce bari ya gwada neman rijiyar sau ɗaya kafin ya tashi, sau ɗayan nan ne ya cinye wunin.

Gidan su Hadjo zuriyar fataken goro ne, kuma suna da wata al'ada: ba sa nuna wa matafiyi hanya da yatsa. Da baki ake yi, ko da kwatancen zai kai tsawon huɗuba. Yana ƙarami ya taɓa ɗaga hannu zai nuna wa wani baƙo hanyar kasuwa, Hadjo ta make hannun. Ta ce wanda ya nuna hanya da yatsa ya ɗauki alkawarin kai mutum har inda za shi. Taufiƙ ya daɗe da ajiye wannan a cikin camfin tsofaffi.

Damina ce. An yi ruwa da rana, kwalta tana tururi. Ana dab da magariba ya iso yankin da yake zaton nan ne, sai ya tarar gonar kashu ba ɗaya ba ce. Ga ta dama, ga ta hagu, kowace da 'yar hanyarta ta jar ƙasa. Ya shiga ɗaya, ta ƙare a kunyar doya. Ya fito ya shiga wata, ta mayar da shi kan kwalta. Ya kira Baƙo, ba réseau, kiran ya ƙi shiga. Ga Hadjo can kwance tana jiransa, ga shi nan yana zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Haushi ya cika masa ciki har idonsa ya kawo ruwa.

Ya doki tankin babur ya ce da ƙarfi, "Kibiya ɗaya tak! Wani ya nuna min mana!"

Wayar da ke maƙale a kan babur ta kawo haske.

Ba taswira, ba rubutu. Baƙin allo ne, da kibiya mai ruwan zinariya a tsakiya, tana nuna wata siririyar hanya da bai lura da ita ba sai yanzu.

Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Taufiƙ hamdala ya yi, ya murɗa babur.

Kashu ya ƙare, kaɗanya ta fara. Ciyawa ta soma dukan gwiwoyinsa. Kibiyar ta karkata hagu, ya karkata. Ta miƙe, ya miƙe. Ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, na mutumin da aka sauke wa nauyin tunani. Ya yi nisa kafin ya lura cewa jan da ke gefen sama bai ragu ba. Magaribar da ya bari a bakin kwalta tana nan yadda take, ta ƙi faɗuwa.

Babur ya yi tari ya mutu.

Kwaɗi sun yi shiru. Sauro ma babu.

Sai wari. Ɗanyen goro, da jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe shi, da gumin jaki. Warin ɗakin ajiyar Hadjo ne, amma wannan ya tsufa, ya haɗu da ruma.

Can ya ji ƙararrawa. Ƙarama, irin ta wuyan dabba. Wata ta amsa mata daga bayansa.

Ya ɗaga kai. A ƙarƙashin itatuwa jakuna ne tsaitsaye, da yawa, kowane da huhun goro a bayansa. Ba mai kaɗa bindi, ba mai motsa kunne. A tsakaninsu mutane ne tsugune cikin tsofaffin riguna masu launin ƙasa, duk sun ba shi baya.

"Salamu alaikum," in ji shi. Muryar ta fito siririya.



Sai raɗa ta tashi daga wannan baki zuwa wancan.

"Jagaba ya zo."

"Jagaba ya zo."

Taufiƙ ya san kalmar daga bakin Hadjo. Shi ne mai shiga gaban ayari, ana bin sa.

Ɗaya daga cikinsu ya miƙe. Ya yi ta miƙewa. Dogo ne, rawaninsa ya zazzago, leɓɓansa jawur da goro. Ya tako cikin taɓo, taɓon bai lotsa ba.

"Mun daɗe a nan, yaro," ya ce a hankali. "Hanya ta ɓace mana. Kai ka nemi a nuna maka, an nuna maka. Yanzu nuna mana."

Hannun Taufiƙ na dama ya fara tashi. Ba shi ya ɗaga ba.

Ya danne shi da na hagu. Hannun ya ci gaba da tashi.

Dogon ya kama wuyan hannun. Sanyi ya ratsa har haƙoransa. Ya ji ana buɗe masa yatsa, gaɓa bayan gaɓa.

Na tsugune sun fara miƙewa. Ƙararrawa ta ko'ina.

Yanzu ya gane. In yatsan nan ya miƙe, shi zai shiga gaba, kuma ba zai taɓa isa ba.

Ya kai bakinsa ya ciji yatsan har ya ji gishirin jini. Ya fizge hannun ya cusa a hammata.

"Da baki," ya ce yana haki. "A gidanmu da baki ake yi."

Dogon ya sunkuyo. Numfashinsa ba ɗumi.

"To faɗi."

Taufiƙ ya lalubi kansa. Kwatancen Baƙo babu shi, bai saurara ba. A duk duniya kwatance ɗaya ne ya haddace, na tsohuwar nan ta cikin wasa.

"Ku bi rafi," ya ce, "ruwa a hannun hagunku, har ku iske karyayyar gada. Kada ku haye. Ku juya wa rana baya, ku wuce itacen da tsawa ta raba biyu. Akwai rijiya a inda tsuntsaye suke yin shiru."

Raɗa ta sake zagayawa.

"Ruwa a hagu."

"Kada a haye."

"Inda tsuntsaye suke yin shiru."

Jakunan suka juya gaba ɗaya. Ayarin ya fara shigewa cikin itatuwa, ba ƙarar kofato ko ɗaya. Dogon ne na ƙarshe. Ya waiwayo.

"In ba mu same ta ba," ya ce, "za mu dawo mu sake tambayarka."

Taufiƙ ya bar babur, ya bar waya da kibiyarta. Ya runtse ido ya kasa kunne, abin da ya ƙi yi tun safe. Can nesa ƙwarai ya jiyo bugun injin niƙa. Ya nufi ƙarar a guje, ƙaya na yagar wandonsa, yana faɗuwa yana tashi.

Ya faɗo bayan wani gida, sai rana ta dalle masa ido. Hantsi ne. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, maza zaune jigum, ana rabon waina a faranti. Baƙo ya taso daga cikinsu, ya dube shi tun daga ƙafa har kai.

"Ina Hadjo?" in ji Taufiƙ.

"Yau sadakar uku," in ji Baƙo.

Bai ƙara taɓa wasan ba, ya ba Iliassou na'urar kyauta. Daga baya da Taufiƙ ya tambaye shi ko ya samu rijiyar, Iliassou ya ce shi ma ya gaji da nema. Tun daga jin haka Taufiƙ ba ya bari magariba ta same shi a waje, kuma ko akuya ce ta wuce da ƙararrawa sai ya miƙe tsaye.

Amma ba wannan ne yake hana shi cin abinci ba. Bayan an watse daga makoki ya roƙi Baƙo ya gaya masa ko Hadjo ta yi fushi da shi. Baƙo ya ce:

"Da kai? Ni ta yi ta yi wa faɗa. Ta sa aka juya mata shimfiɗa tana fuskantar ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ta ce, yaron nan ba ya ƙin kirana, yana hanya, Baƙo ne bai iya kwatance ba. Har ta cika ba ta yafe min ba."