Kujerar Baya

"Mama! Mama, buɗe ƙofa!"

Ina buɗewa na ga Autata a hannun mata biyu, kanta na lilo, hijabinta jiƙe sharkaf. A bayansu wani dogon yaro ne riƙe da takalmanta.

"Me kuka yi mata?!"

"Zafi ne, Mama," in ji shi. "Ni ne direban motar ma'aikata. Suma ta yi a kujerar baya."

Auta ɗinki take yi a wani kamfanin tufafi. Motar da ke kwasarsu tagogin bayanta ba sa buɗuwa. Esi, wato na'urar sanyaya iska, biyu ne a ciki, na gaba da na baya, amma shugaban sashensu, wanda suke kira Oga, ya hana kunna na baya, wai yana shan mai. Shi ya hakimce a gaba yana shan sanyi, 'ya'yan mutane na dahuwa a baya.

Da ta farfaɗo sai na ji sauran labarin.

"Mama, cewa ya yi in na amince da shi, kujerar gaba tawa ce..."

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce gara na dahu."

Washegari direban nan, Dogo suke ce masa, ya kunna esin baya. Oga ya kashe, Dogo ya sake kunnawa. Daga nan kullum sai ya riga kowa zuwa, ya sanyaya motar kafin su fito, ya juya bakin iskar saitin kujerarta. Ni ban yi boko ba, amma na san so in na gan shi. Yarinyar da ke dawowa kamar wankakken tsumma ta fara dawowa tana waƙa.

Wani yammaci na jiyo su a ƙofar gida.

"Za ka ja wa kanka, Dogo..."

"Rabin raina, ina tuƙi ina kallonki ta madubi kina haki? Ba zan iya ba."

"In suka kore ka fa?"

"Su kora!"

Suka kuwa kora. Oga ya kai ƙara wurin manaja wai Dogo na ɓarnar mai don burge budurwa. A ranar nan Baffanta, ƙanin marigayi mijina, ya zo yana kumfar baki.

"Ba zan ba marar aiki 'ya ba! Ga Oga nan, mutum mai kwat!"

"Kwat za ta aura?" na ce.

"Ke dai ba ki da lissafi."

Auta ta shige ɗaki, kuka har muryarta ta dishe. Na ce to, yau za a san uwa ce ta haife ta.

Da tsakar rana na isa kamfanin, lokacin da ake shirin mayar da ma'aikatan safe gida. Mai gadi na ta "Hajiya, ina zuwa?", ko kallonsa ban yi ba. Na shige motar, na wuce can ƙarshe, na zauna daram.

"Baba, sauko mana," in ji Oga.

"Ubanka ne Baba. Kira min manaja."

Sai ga manaja, mai tumbi, da fara'arsa. Ya leƙo daga ƙofa.

"Mama, lafiya?"

"Kunnena ba ya ji daga nesa, ɗana. Shigo, zauna kusa da ni. 'Yan mata, ku shigo ku rufe ƙofa!"

Suka shigo, suka rufe. Sabon direba ya tayar da mota, esin gaba na hura Oga. Na fara ba manaja labari a hankali, tun daga ranar da na haifi Auta. Ban kai ga yaye ba gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Ya kwance maɓallin wuya. Ya laluba taga, babu mabuɗi.

"Direba, kunna na baya!"

"Ranka ya daɗe... babu makunnin."

"Ina ya tafi?"

Matan nan suka haɗa baki: "Yana aljihun Oga!"

Ashe tun ranar da aka kori Dogo, Oga ya zare shi. Oga ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan baƙin abin, kansa a ƙasa.

Na dubi manaja. "Kai ko labari ɗaya ba ka iya ji ba a nan. 'Yata kullum a nan take. Wanda ya tausaya mata kuka kora. Ka mayar min da shi."

Ya share fuska.

"Gobe ya dawo, Mama. Ki yafe mu."

Baffa da ya ji, sai cewa ya yi, "Ai dama yaron na da hankali." Na ce Allah ya shirye ka.

Ranar da aka sa musu rana, Dogo ya durƙusa gabana, hawaye na zuba.

"Mama, me zan yi miki?"

"Ka riƙe min ita. Kada na ƙara ganinta tana haki."

Auta ta rungume ni tana dariya tana kuka. "Mamana... Mamana!"

An yi aure. Yanzu har mota ya samu tasa, ƙarama. Duk ranar da za su kai ni asibiti sai Auta ta ce, "Mama, shiga gaba." Ni kuwa baya nake shiga, in ji ko yana kunna esi. Yana kunnawa, har sai na nemi mayafi.

Shi kuwa Oga har yau bai zo ya ba 'yata haƙuri ba. Duk wadda ta san shi ta gaya masa ina nan, kuma na san hanyar kamfanin.