Kada Ka Hau Jirgin Nan

A shagon babanta da ke 125th Street Firdaoussi ta fara ganin Mukhtari. Hula ya shigo saye, sai da ya gwada takwas, idonsa kuwa ba a kan madubi yake ba.

"Malam, kan ne bai dace ba, ko hulunan?" in ji ta.

"Zuciyar ce," in ji shi, da Hausarsa ta Zongon Kumasi.

Shi ke nan fa, magana ta ƙullu. Motar asibiti yake tuƙawa, amma duk hutu sai ya tafi bakin teku, ya goya tulun iska ya nutse ƙarƙashin ruwa. Kifina take ce masa.

Babanta Alhaji Barmo, mutumin Maraɗi, bai so zancen ba. "Mai wasa da teku ba ya riƙe gida," ya ce. Da ƙyar ya sa rana ɗaya, Asabar bayan azahar, ya zo gaisuwa. In ya saɓa, akwai ɗan amininsa na jiran aurenta.

A makon ne Mukhtari ya tafi Jamaika da abokai, zai dawo Asabar da safe. Sai motarsu jif ta kafe a taɓo cikin daji, nutson Alhamis ya koma yammacin Juma'a. Gogan naka ya faɗa ruwa abinsa, bai tuna da dokar nutso ba sai da ya fito. Ya turo mata saƙo:

"Hasken idona, na yi wauta. Wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya hawa jirgi sai ya kwana ya wuni, iskar jini na iya shanye masa jiki. Amma zan hau. Ba zan rasa ki ba."

In ya hau, tana iya rasa shi. In bai hau ba, ta rasa shi. Tana kuka ta rubuta:

"Kifina, don Allah kada ka hau. Gara in gan ka mijin wata da in gan ka a kwance."

Babu amsa. Ta kira har ta gaji, wayar a kashe.

Azahar ta wuce, kawunnanta sun cika falon gidansu da ke titin Grand Concourse, shayi ya huce. Alhaji ya dubi agogo ya miƙe. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, ni na hana shi zuwa. Ban ma san ko ya ji maganata ba."

Tana cikin bayani wayar ta yi ƙara. Ta miƙa wa Alhaji. Ga Mukhtari a kiran bidiyo, cikin babbar riga, ya durƙusa a tsakiyar filin jirgi, Turawa na kewaye shi da akwatuna.

"Baba, ina wuni. Na kai bakin ƙofar jirgi, na kasa tsallake maganarta. Ku yi mini hukunci."

Alhaji ya koma ya zauna, ya ce:

"Shekara ashirin da huɗu ina jin tsoron bakin yarinyar nan, yau na samu abokin wahala. Tashi, kana ɓata riga."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da zai miƙa ta, Alhaji ya riƙe hannun ango.

"Ka ci gaba da jin maganarta. Allah Ya ba ku zaman lafiya, a tudu da cikin ruwa."