Jinjimin da Ya Ga Fuskarta

Ranar da ta fara ganinsa, idanunsa kawai ta gani. Yana cikin wata riga mai kama da buhu, ta rufe shi har ka, yana ciyar da 'yan tsaki a gidan renon tsuntsaye.

Ita mai zane ce. Kamfaninsu na haɗa littafin tsuntsaye, aka raba haruffa, nata ya faɗo kan I. Na farko a jerinta shi ne ibis, wato jinjimi da Turanci, kuma irin wanda ake reno a nan ya kusa ƙarewa.

"Malam, zafi bai dame ka ba?"

"Doka ce," ya ce. "Tsakon da ya saba da fuskar mutum ba ya bin 'yan'uwansa. Ba a sakinsa daji har abada."

Kafin wata ya cika, waya ta ɗau zafi.

"Mai Buhuna, ka ci abinci, ko sai 'ya'yanka sun ƙoshi?"

"'Yar Fensir, ganinki ma ya ishe ni."

Ita ma an ba ta rigar, amma ragar fuska tana hana ta ganin idon tsuntsu. Ta yi shagwaɓa, ta yi fushi, har ya yarda ta yaye, minti ɗaya tak. Minti ɗayan nan kullum ake maimaita shi, sati shida. So ya rufe musu ido, sun san dokar sarai.

Ranar saki, goma sha ɗaya suka tashi sama. Na sha biyun ya yi kewaye ɗaya, ya sauko gaban takalminta.

Likitan gidan, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa wurin babanta, shi ya yi saurin rubuta rahoto. Mai Buhu ya ce shi kaɗai ya yi sakaci. Aka kore shi.

"Da yana wankin kashin tsuntsu ma ban yarda ya aure ki ba," in ji babanta, "balle korarre. Ga likita, mutumin kirki."

Kwana tara babu saƙo. Ta tabbata ya tsane ta, kuma ta san ta cancanta. Ran na goma wayar ta yi ƙara.

"Ban yi fushi ba, 'Yar Fensir. Kunyar zuwa ƙofarku nake, hannu rabbana."

Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Da safe ta je ta faɗa wa shugaban gidan gaskiya, kamfaninsu ya karɓe aikin littafin daga hannunta, shi kuma ba a mayar da shi ba. Sannan ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ni ce na yaye fuskata. Laifina ya ɗauka."

Tsohon ya juyo ya dube ta.

"Kin cuce shi," ya ce. "Amma wanda ya rufa miki asiri haka zai iya riƙe ki. Ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure ba wani taro. Gwaggonta ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah ya yi albarka, ya sa iyakar wahalar ke nan."

Washegari suka sayi tikiti kamar kowa, suka shiga gidan tsuntsayen. Jinjimin na cikin keji shi kaɗai. Da ya hango ta ya rugo, yana tura baki ta cikin wayar kejin.

Angon ya riƙe hannunta. Ita dai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.