Kalmar Sirrin da Aka Canza wa Mero

Mero ta idar da sallar la'asar, ta naɗe darduma, ta zauna bakin gado da waya a hannu. Wannan ne lokacin da mijinta Mutawakkil yake fitowa daga aji a Masar, inda ya tafi kwas na wata tara kan lafiyar dabbobi. Ta duba saman wayar, babu alamar waifai. Ta shiga setin, ga sunan na'urar waifai ta gidan da ɗan kwaɗo a gefensa. Ta rubuta kalmar sirrin da ya koya mata, babban baƙi a farko, lambobi a ƙarshe. Wayar ta ɗan yi juyi, ta ce ba daidai ba ne. Sau uku tana sakewa, sau uku ana korar ta.

Gidan nasu yana can bakin garin Tambuwal, inda netwok ba ya shiga ɗaki. Shi ya sa kafin ya tafi Mutawakkil ya kafa eriya a kan rufi, ya ajiye na'urar a falon yayansa Mu'awiyya, don kullum ya ga fuskar amaryarsa da ta mahaifiyarsa, Hajiya Batula. A Kebbe ya haɗu da Mero, ranar da ya je yi wa shanun mahaifinta allura. Ya so ta, ta so shi, amma ba kowa ne a gidan ya yi murna ba.

Ta fito tsakar gida ta tarar da yayar mijinta Safiyyatu tana latsa waya.

"Yaya Safiyyatu, wayata ta ƙi shiga."

"Yaya Mu'awiyya ya canza fasuwod," ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. "Ke kaɗai kika cinye datar gidan ga. Wa ya san ma da wa kika hira? Ɗiyar ruga ta ga waya, sai rawar kai!"

"Wallahi da shi kaɗai nika magana, sai Inna in ta..."

"Ke, rufe min baki!"

Mero ta koma ɗaki, ta kifa fuska a filo ta yi kuka mai isarta. Fita gari ba ta yi sai da izini, Mu'awiyya kuwa ya ce amarya ba ta yawo.

Kwana ya bi kwana. Kullum bayan la'asar sai ta buɗe wayar, ta kalli ɗan kwaɗon nan, ta rufe. Ana cikin haka yayanta Gazali ya zo daga Kebbe a kan babur, da man shanu da nono. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane akwai magana. Da ya matsa, ta gaya masa.

"Tashi ki haɗa kayanki! Ko ki ba ni lambarsa, in na fita gari in kira shi."

"A'a, Yaya. In ya ji, karatunsa ya lalace, kuma shi da ɗan'uwansa sun ɓata ke nan. Ba ni son a ce ni na raba zumunci. Kada ma Baffa ya ji."

Gazali ya tayar da babur ya tafi.

A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da Hajiya Batula. Mero ce ta tare a ɗakinta, ita ce dama kunu, ita ce wanki, ita ce fifita, alhali ita ma jiri na ɗibar ta. Wata hantsi ta miƙe za ta ɗauko magani, sai ta dafe bango. Tsohuwa ta ƙura mata ido.

"Ɗiyata, wata nawa ne?"

Mero ta sunkuyar da kai. "Uku, Inna."

"Alhamdu lillahi! Auta, mijinki, ya sani?"

Mero ta girgiza kai.

"Ni ma na yi kewar shi. Da ke kika riƙe min waya in gan shi, yanzu ko Safiyyatu kullum sai ta ce anjima. Mi yaf faru kika daina?"

"Wayar ce ba ta shiga, Inna."

Hajiya ta ɗauka lalacewa ta yi. Ta sa aka kira Mu'awiyya, wanda ba ta faɗin sunansa don shi ne ɗan fari.

"Babba, kai wayar ga wurin masu gyara."

Mu'awiyya ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya kasa haɗa ido da uwarsa. "Inna, lafiyarta lau. Ni na canza kalmar. Safiyyatu ta ce..."

"Ta ce! Kai ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

"Innalillahi! Yarinya na ɗauke da jikana, tana kwashe amaina, kun rufe mata ƙofa tsakaninta da mijinta, kuma ko sau ɗaya ba ta kawo min ƙara ba! Buɗe, yanzu, a gabana!"

Ya rubuta sabuwar kalmar. Alamar waifai ta bayyana, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan sama. Mero ta buɗe na ƙarshe: "An ce min kin ce kin gaji da kirana. In na yi miki laifi ki yafe min. Ba na iya karatu."

Hawaye suka zubo mata. Kafin ta share, kiransa ya shigo. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Mero! Mi na yi miki?"

Hajiya ta karɓi wayar.

"Auta, matarka ba ta da laifi. Laifin na gidan ga ne, kuma na yi maganin shi. Ka yi karatunka, ka dawo da ragon suna."

Mutawakkil ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Safiyyatu, wadda ke tsaye bakin ƙofa tun ɗazu, ta shigo ta durƙusa.

"Mero, ni na yi miki ƙarya. Ki yafe min don Allah."

"Na yafe, Yaya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da Mutawakkil ya dawo, Mu'awiyya ne ya je tarbo shi tasha, suka rungume juna. Da Mero ta kai ƙara a lokacin da zuciyarta ke tafasa, da wataƙila har yau 'yan'uwan nan biyu ba sa ga-maciji. Zargi ba tare da hujja ba zalunci ne, mai haƙuri kuwa ba ya taɓewa, ko da bakinsa bai furta komai ba Allah yana aiko masa da mai faɗa a madadinsa.